Shekara takwas da zobe a tumbina: abin da nake so ki sani kafin ki yanki tikiti

Shekara takwas da 'yan watanni na yi da zoben roba ɗaure a saman tumbina. An sa mini shi a birnin Alƙahira a ƙarshen 2012, aka cire shi nan Legas a farkon 2021. Tun daga lokacin, da wuya wata ya wuce ba a haɗa ni da wata baiwar Allah ba, daga Agege ko Idi-Araba ko unguwar Sabo ta Ibadan, tana son jin yadda ake yi da nawa ake biya. Waɗannan tambayoyi biyu su ne kullum a gaba, alhali su ne mafi sauƙi a duk lamarin. Shi ya sa na ga gara in rubuta a nan sau ɗaya. Ke da gwiwa ta hana ki hawa bene, ki karanta a natse. Ke da har kin fara tambayar kuɗin jirgi, ki karanta sau biyu. Maza ma kada ku tsallake shafin, don yawanci ku ne masu biya, kuma a cikinku akwai waɗanda teɓarsu ta fi tawa ta wancan lokaci.

Bari in fara da bayanin abin kansa, domin mutane da yawa suna zaton tsotse kitse ake yi. Ba a taɓa kitse ko kaɗan. Likita zai huda ciki wuri huɗu ko biyar, ƙananan huji, ya zura kyamara da kayan aiki, ya zagaye saman tumbi da wani zobe na roba mai laushi da ake kira silikon. Zoben sai ya bar ɗan aljihu a sama wanda bai kai girman ƙwan kaza ba, sauran tumbin yana ƙasa, da 'yar ƙofa a tsakaninsu. A cikin zoben akwai balan-balan. Daga jikinta wani siririn tiyo ya taho har ƙarƙashin fatar ciki, inda aka ɗinke wani ɗan maɓalli mai faɗin murfin kwalba. Idan aka soka allura a maɓallin aka ɗura ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa, balan-balan ta kumbura, ƙofar ta matse. Idan aka zuƙe ruwan, ta saki. Iyakar dabarar ke nan: abinci kaɗan ya tsaya a sama, ya riƙa wucewa sannu a hankali, ke kuma ki ji kin ƙoshi da wuri.

A shekarun 1980 likitoci a Suwidin da Amurka suka ƙirƙiro zoben da ake iya matsewa da sassautawa. A 1993 wani likita haifaffen Habasha da ke aiki a Beljiyam, Mitiku Belachew, ya fara sa shi ta hanyar huda maimakon tsaga ciki. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurin Lap-Band a 2001, kuma zuwa 2011 fiye da kashi ɗaya cikin uku na duk tiyatar rage ƙiba da ake yi a ƙasar, ta zobe ce. Wato lokacin da na shiga, abin yana kan ganiyarsa. 'Yan watanni bayan nawa, a farkon 2013, gwamnan jihar New Jersey na lokacin, Chris Christie, shi ma aka sa masa.

Nauyina a lokacin kilo 124 ne, tsayina mita 1.62. Likitoci suna da wani lissafi da suke yi, su raba nauyin mutum da tsayinsa sau tsayinsa. Nawa ya ba da 47. Ƙa'idar da ake bi a shekarun nan ita ce sai lissafin ya kai 40, ko 35 idan akwai wata cuta da ƙibar ta jawo, kafin a yi maganar tiyata. Ni kuwa ga hawan jini, ga suga da ya fara leƙowa, ga minsharin da maigida ya ce yakan ji numfashina ya ɗauke a tsakar dare har sai ya taɓa ni. Shekaruna 38 amma a kan kujera nake salla. Shagona na atamfa da leshi yana hawa na biyu a cikin kasuwa, sai na huta sau biyu kafin in kai.

Kin san yadda muke da ƙiba a gidajenmu. Amarya ta yi wata shida ba ta murje ba, sai dangi su fara tambayar ko lafiya. Ta ciko, a ce miji ya iya kiwo. Bayan kowace haihuwa akwai kunun kanwa da gasasshen nama da hutun kwana arba'in, kuma ni sau huɗu na yi. Har yau a kasuwanninmu ana sayar wa 'yan mata ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, su sha don su yi jiki, alhali wasunsu magunguna ne masu ƙarfi da ke kumbura mutum su tayar da suga da hawan jini. Gari ɗaya, wata tana biyan kuɗi ta ƙara, wata tana sayar da gwal ta rage. Babu wanda yake ganin ƙibar mace ciwo ce sai ranar da aka kwantar da ita.

Da na faɗa wa mahaifiyata niyyata, abin da ta fara ambata shi ne matar Obasanjo. Duk wanda ya yi wayo a 2005 yana tuna yadda Stella Obasanjo ta rasu a Sifen a watan Oktoba na shekarar, bayan tiyatar gyaran jiki. Inna ta ce, “Wadda ke da ƙasa a hannu ma ba ta dawo ba, balle ke?” Na ce, “Inna, waccan cire kitse ce, tawa magani ce, ko yanka tumbin ba za a yi ba.” Ta ce, “Duk wuƙa ce, 'yar nan.” Ta yi mini addu'a dai, amma ba da son ranta na tafi ba.

Wani dillalin marasa lafiya ne ya haɗa tafiyar, irin waɗanda ke karɓar mutum tun daga filin jirgi, su nema masa masauki da tafinta. Dala ɗaya a lokacin wajen naira 160 take. Shi aikin kansa ba wani labari a cikinsa. Bai kai awa guda ba, kwana ɗaya na yi a asibiti, ciwon da na fi ji ma a kafaɗa yake, saboda iskar da suke hura wa ciki. Mako biyu ina shan ruwa-ruwa, romo da madara da koko tsararo, sannan na koma abin da aka dama ko aka niƙa. Na tambayi dillalin wa zai riƙa duba ni idan na koma gida. Ya ce allura ce kawai, kowace nas za ta iya.

A nan gizo yake saƙa, kuma a nan nake so ki tsaya. Zoben da aka sa miki ranar tiyata kusan fanko ne, bai fara aiki ba. Sai bayan mako huɗu zuwa shida ake fara ɗura masa ruwa, kuma kaɗan-kaɗan ake yi. Duk ruwan da nawa yake ɗauka mililita 10 ne, cokalin shayi biyu ke nan. Rabin mililita kawai yana iya raba tsakanin mace mai cin abincinta lafiya da wadda ko ruwa ba ya wuce mata. Saboda haka a ƙasashen da abin ya yi kyau, mara lafiya yakan koma wurin likita kusan kowane wata a shekarar farko, a ƙara ɗigo, a rage ɗigo, a tambaye shi me yake ci, yana amai ko ba ya yi, har a samu daidai. Bayan nan ma ba a rabuwa, ana ci gaba da dubawa muddin zoben yana jiki. Allurar kuma ta musamman ce, bakinta a lanƙwashe yake don kada ta ɓantari robar maɓallin. Maɓallin yana can ƙarƙashin kitse, wani lokaci sai da na'urar hoto ake gano shi. Na san wata 'yar kasuwa irina da aka soka mata allurar da aka saba a wani ɗan asibitin unguwa, aka huda tiyon, ruwan ya tsiyaye, zoben ya zama kwalliya. Sai da aka sake yi mata aiki.

Ni sa'ar da na yi, sana'ata tana kai ni Alƙahira da Dubai sarin kaya. Sai na riƙa haɗa tafiyar da ganin likita, duk bayan wata huɗu ko biyar. Amma tunda ya san ba zai sake ganina da wuri ba, yakan ɗura da ɗan yawa a zama ɗaya. In sha ruwa a gabansa ya wuce, in hau jirgi, in sauka Legas, bayan kwana biyu abin ya kama ni kamar an shaƙe. Sai in yi mako biyu ina lallaɓa kunu har jiki ya saba. Wadda ba ta da dalilin tafiya irin nawa fa? Kowane rabin mililita sai ta nemi biza?

Yanzu bari in kai ki kan tabarmar cin abinci, domin can ne mai zobe take rayuwarta ta gaskiya. Loma ba za ta wuce girman kan ɗan yatsa ba. Ki tauna ta har ta zama kamar kunu a baki, ki haɗiye, ki ajiye hannu ki jira. Ba a shan ruwa tare da abinci, sai an ba da tazarar kamar rabin awa. Duk cin bai wuce cikin ƙaramin kofi ba, kuma zai ɗauke ki minti ashirin ko fiye. Idan loma ta yi girma ko kika yi hanzari, sai ta toshe ƙofar. Za ki ji wani nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an dasa dutse, yawu mai yauƙi ya cika miki baki, idanu su kawo ruwa, kuma babu abin da zai sauƙaƙa sai lomar ta dawo ta inda ta shiga. Ba irin aman da kika sani ba ne, ba tashin zuciya, abincin ne kawai yake komowa yadda yake.

Takardar abincin da aka ba ni a asibiti ba ta san mu ba. Babu tuwo a ciki, babu sakwara, babu kilishi. Da jikina na koyi nawa jadawalin. Burodin Agege, wannan mai laushi da muke ji da shi, shi ne babban abokin gabata, domin yana dunƙulewa ya zama kamar danƙo. Teba da sakwara da tuwon shinkafa an saba haɗiye su ne ba tauna ba, ga shi zobe ba ya yafe haɗiya. Tsire da kilishi da balangu sai dai ƙamshi. Ganda ko kusa. Shinkafa dafa-duka wata rana ta wuce, wata rana ta ƙi. Lemon zaƙi sai na cire duk zaren. Abokan zamana su ne alale, da farfesun kifi, da dambun nama idan ya ji miya, da wake da ya dahu lugub, da ƙwai, da miyar kuka ko kuɓewa da ɗan tuwon masara mai ruwa-ruwa wanda nake tauna kamar nama. Da safe zoben ya fi matsewa, shayi kawai ke shiga. Sai wajen la'asar yake sakin jiki.

Akwai kuma wani abu da duk likitan da ya san aikin zai gaya miki: zobe ba ya tare ruwa. Fura da nono mai sukari, kunun gyaɗa, kunun aya, lemon kwalba, shayi mai kauri, askirim, duk suna wucewa salin-alin. To idan nama yana sa ki kuka, fura kuma tana wucewa lafiya, ina jiki zai karkata? Shi ya sa zoben da aka matse fiye da kima yake iya sa mace ta ƙara nauyi maimakon ta rage. Tana amai kullum, tana ganin ai ba ta cin komai, ga sikeli yana hawa.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne idon mutane. Mu ba mu saba mutum ya ci shi kaɗai ba. A gidan biki za a ajiye faranti ɗaya mu biyar, kafin in gama loma uku an sauke. Uwar biki ta zo ta ce, “Hajiya, ko abincin namu bai yi miki ba ne?” Ki ce kin ƙoshi, ta ɗauka raini ne. Ki daure ki ƙara, ki tashi neman bayan gida. Na koyi zama kusa da ƙofa, na koyi yawo da 'yar leda a jaka. Da nauyi ya fara zubewa kuma sai maganganu suka tashi. Wasu suka ce ciwon zamani ne. Wasu suka ce an yi mini asiri a kasuwa. Wata ƙanwar maigida ta same shi a keɓe ta ce, “Yaya, in wani abu ne ke damun matar nan ka faɗa mana, kada a bar mu a duhu.” Shi kuma na roƙe shi kada ya faɗa, don na san abin da za a ce: ta kai kanta an yanka saboda gayu. Sai da na shekara biyu kafin na fara faɗa da bakina.

Watan azumi ma sai da na sake koyonsa. Yadda muka saba buɗe baki, a sha ruwa da yawa a bi da ƙosai da kunu da abinci mai nauyi a zama ɗaya, ba ya yiwuwa. Dabino sai na cire ɓawon na tauna sosai. Ruwa kurɓi-kurɓi daga magariba har sahur, abinci kaɗan bayan isha'i, wani kaɗan kafin barci. A shekarar farko likita ya hana ni yi gaba ɗaya, na rama daga baya. Duk mai zobe ya kamata ta yi wannan magana da likitanta tun watan Sha'aban. Haka ma wadda ta samu ciki, domin sau da yawa sai an sassauta zoben, musamman in laulayi ya zo da amai.

Kada ki ɗauka baƙin labari kawai na zo da shi. A cikin shekara biyu na sauko daga kilo 124 zuwa 91. Na ajiye kujerar salla, goshina ya koma ƙasa. Aka rage mini maganin hawan jini, suga ya koma daidai, minshari ya tafi. Na hau benen shago ina magana a waya. Na yi ɗawafi da ƙafata ba a tura ni a keke ba. Gashina ya zube a watannin farko amma ya dawo, fatar hannu da ta ciki kuwa ta saki, wannan sai dai sutura. Waɗannan shekaru biyar ko shida na lafiya zoben ne ya ba ni su, kuma ba zan yi masa butulci ba. Akwai waɗanda suka fi ni morewa. Wani likita a Melbourne ta Ostareliya, Paul O'Brien, ya wallafa sakamakon marasa lafiyarsa fiye da 3,000 a 2013, inda ya nuna waɗanda aka bi har shekara 15 sun riƙe ragin kusan rabin nauyin da ya yi musu yawa. Amma ki lura, asibitinsa ya yi suna ne wajen bibiyar mara lafiya a kai a kai.

Wani binciken kuma da likitocin Beljiyam suka fitar a 2011, bayan sun bi mutanensu shekara 12 ko fiye, ya samu kusan rabinsu an cire musu zoben, kuma kusan ɗaya cikin uku zoben ya ci bangon tumbi ya fara shigewa ciki. Irin wannan sakamako ne ya sa likitocin duniya suka riƙa ja da baya. A Amurka, inda zobe ya haura kashi ɗaya cikin uku a 2011, kafin 2019 ya faɗo zuwa wajen kashi 1 cikin 100. Yawanci sun koma ga tiyatar da ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a bar shi siriri kamar ayaba, ko wadda ake karkatar da hanyar abinci ta tsallake yawancin tumbi da farkon hanji. Waɗannan sun fi rage nauyi kuma ba sa buƙatar allurar wata-wata, sai dai abin da aka yanke ba ya dawowa, kuma akwai shan ƙwayoyin bitamin har ƙarshen rayuwa. Don haka in wani ya tallata miki zobe yau a matsayin sabon abu mai sauƙi, ki sani abin da yawancin likitoci suka rage yi ne yake sayar miki.

Nawa ya fara ba da alama a 2018. Ƙwannafi da dare, tari da ke tashe ni daga barci, wani lokaci in farka da ruwa mai tsami a hanci. Na koma kwana a jingine da matasai uku. Tafiya kuma ta yi wuya, don dala ta ninka fiye da sau biyu, kasuwa ta ja baya, zuwa wurin likita ya koma sau ɗaya a shekara. Ya rage ruwan, na samu sauƙi, nauyi ya fara hawa. Ya ƙara, ƙwannafi ya dawo. Haka muka yi ta yi.

Sai ga korona. A ƙarshen Maris na 2020 aka rufe Legas, aka dakatar da jiragen ƙasashen waje, ba a sake buɗewa ba sai watan Satumba. A tsakiyar wannan kulle, bayan wani zazzaɓi da ya sa ni amai mai ƙarfi, na wayi gari ko yawuna ba ya wucewa. Kurɓin ruwa ɗaya, ya dawo. Kwana biyu a haka. Asibitin farko da muka je suka sa mini ƙarin ruwa, suka ce gyambon ciki ne. Na ce musu akwai zobe a tumbina, a zuƙe ruwan da ke ciki. Likitan da ke bakin aiki ya taɓa maɓallin, ya ce shi bai taɓa ganin irinsa ba, kuma ba zai soka allura a abin da bai sani ba. Ban ga laifinsa ba. Na biyu suka ce ba su da allurar. Maigida yana tuƙi yana waya, sojoji da 'yan sanda suna tare mu a kowane shinge, ni ina baya da roba a cinya. Likitana na Alƙahira ya amsa saƙo, amma me zai yi daga can? Abin da ya rubuto kawai shi ne a cire ruwan duka, yau ɗin nan.

A rana ta uku wani ɗan ƙanen maigida da ke aikin asibiti ya samo mana wani likitan tiyata, Bayarabe, wanda ya yi aiki a Ingila ya saba da masu zobe. Cikin minti biyar ya zuƙe ruwan. Ya miƙo mini kofi ya ce, “Alhaja, sha a hankali.” Na ji ruwan ya sauka har ƙasa. Hoton da aka ɗauka bayan na sha wani farin ruwa mai kauri ya nuna zoben ya zame, tumbin ya turo ta cikinsa ya yi jaka a sama, hanyar abincin ma ta buɗe fiye da kima saboda shekarun da ta yi tana turawa. Ya gaya mini cewa irin wannan zamewa, in ta yi tsanani aka bar ta, tana iya datse jinin da ke zuwa wa tumbi har naman ya mutu. Ni da yake na samu sauƙi da zuƙe ruwan, an iya jira. Da abubuwa suka lafa, a farkon 2021, ya cire zoben da tiyon da maɓallin ta hanyar huda, kamar yadda aka sa su.

Yunwar da na manta da ita ta dawo da ƙarfinta. Yau ina kilo 108. Ya yi mini tayin ɗaya daga cikin manyan tiyatun nan biyu, muna kan magana, kuma wannan karon duk abin da za a yi a garin da nake kwana za a yi shi. Ana ta maganar alluran rage ƙiba na zamani irin su Wegovy, da Amurka ta amince da shi a 2021. Suna aiki, amma kuɗinsu na wata-wata ne, kuma bincike ya nuna yawancin nauyin yana dawowa idan an daina. Abin da ya rage mini daga zamanin zobe shi ne tauna. Har yanzu ni ce ta ƙarshe a tashi daga faranti, ina kuma zagaya unguwa da ƙafa bayan asuba kafin 'yan okada su cika titi.

Ra'ayina, in kin tambaye ni: matar da ƙiba ta sa wa suga da hawan jini, ta hana ta tafiya, ba gayu take nema ba in ta nemi tiyata, kuma dangi su daina yi mata kallon haka. Ƙungiyoyin likitocin wannan fanni ma a 2022 sun sauko da ma'aunin zuwa 35, ko 30 ga mai cuta irin suga. Amma zobe musamman, ba zan ba wadda ke zaune a Najeriya shawarar ta je waje a sa mata ta dawo ba, sai in tun kafin ta tafi ta zauna gaba da gaba da likitan da zai riƙa duba ta a nan, ta ga allurar da idonta, ta ji nawa ne kowane zuwa, ta kuma tambaye shi wa zai karɓe ta in abin ya kama ta ƙarfe biyu na dare ranar da ba ya gari. Ta tambayi wanda zai yi aikin mutum nawa ya sa wa, nawa ya cire wa. Ta lissafa kuɗin cirewa tun yanzu ta haɗa da na sawa. Maganar dillali kuwa, shi da kin hau jirgin dawowa ya gama nasa.

Ke kuma da kike da shi a jiki yanzu, na san kuna nan da yawa kuna ɓoyewa. Ƙwannafin dare da tarin da ke tashin ki daga barci ba abin sabo ba ne, alama ce ta zoben ya matse ko ya motsa. Amai kullum ba shi ne aikin zobe ba. In wurin maɓallin ya yi ja ko ya kumbura ko yana ruwa, ko kika ga kwatsam kina iya cin komai kamar da, a duba ki da kyamara ta baki, don yana iya zama zoben ya fara cin bangon tumbi. Ki guji magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac sai da izinin likita. Ranar da ruwa ya ƙi wucewa kuwa, kada ki kwana a gida. Ki samu 'yar takarda ki rubuta sunan samfurin zobenki, da yawan ruwan da yake ɗauka, da wanda ke ciki yanzu, da gefen da maɓallin yake, da lambar likitan da ya iya zuƙe shi. Ɗaya a jakar da kike fita da ita, ɗaya a hannun maigida ko babban ɗanki.